Yadda Muka Je Ingila Gyara Kuskuren Baba

Tun da muka dawo ba ni da sakat. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai yi mini kitso sai da ta tsaya da tsaga a tsakiyar kaina ta ce, "Malama Rakiya, wai da gaske ne kin je gidan rawa a Ingila, da hijabinki da komai?" Da gaske ne. Na je, kuma mahaifina ne ma ya kai ni. To bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata ta karanta, ni in ci gaba da makin jarrabawata.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu 'yan unguwar Jakara ne a Kano. Ni malamar Turanci ce a makarantar 'yan mata. Mahaifina kuwa Mati mai kalangu, makaɗin mahauta tun kafin a san za a yi ni. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka kun san sauran zancen. Kunyata yake ji, ba ya kiran sunana, ba ya zama da ni mu yi hira. "Ke" nake a wurinsa, ranar da ransa ya yi fari kuma in zama "ke ɗin nan".

Shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, wani saurayin Bature mai suna Kolin ya zo Kano yawon ganin duniya, da 'yar rikoda rataye a wuya. Ya tarar Baba yana yi wa mahauta kiɗa a bakin kasuwar Kurmi, ya ɗauka a kaset, ya yi godiya ya tafi. Kowa ya manta da shi. Ashe da ya koma gida, shi da wani abokinsa suka kulle kansu a ɗaki da wata na'ura suna haɗa wani kiɗa wai shi burekbit. Ga yadda ya yi mini bayani daga baya: a cikin kiɗa akwai inda kowa yake yin shiru a bar ganga ita kaɗai. Wannan gurbin suke yankowa, su ƙara masa gudu, su yi ta maimaita shi har illa ma sha Allahu. Daga kaset ɗin Baba suka yanko sakan huɗu tak, suka gina faifai sukutum a kai. Faifan yana cikin na farko-farko a irin wannan kiɗan, kuma da shi samari da 'yan matan ƙasar suka riƙa taruwa a tsofaffin ɗakunan ajiye kaya da gonakin mutane suna tiƙar rawa, 'yan sanda na fafarar su. Wannan taron shi suke kira reb. Mu muna nan Jakara ba mu san wainar da ake toyawa ba.

Bara sai ga saƙo ta waya. Kolin ya neme mu ta hannun wani ɗan Kano da ke karatu a can. Za su yi bikin tunawa da faifan, suna son Baba ya zo ya buga da hannunsa. Ya haɗo da kiɗan ya turo.

A zaure na kunna masa, kuma tsautsayi ya sa Baba Ilu yana nan. Baba Ilu amininsa ne, shi ma makaɗi ne, kuma tun suna samari babu abin da ya fi so kamar ya ga Baba ya ji kunya. Da farko Baba bai ma gane ba saboda gudun abin. Ya ce, "Wannan injin markaɗe ne ya lalace?" Can sai na ga fuskarsa ta canza. Baba Ilu kuwa ya saki wata dariya har hularsa ta faɗi.

"Mati, taken mahauta ne! Kuma hannunka ya goce! Ji, ji, ya sake gocewa! Wayyo cikina, ya sake!"

Jama'a, a cikin kiɗan awa guda mai tsabta, Baturen nan bai ga abin yanka ba sai daidai inda gula, wato sandar kiɗan, ta kuɓuce wa Baba, kiɗan ya yi tuntuɓe kafin ya miƙe. Shi ne kuma ake ta maimaitawa. Na ƙirga har ɗari na gaji.

Daga ranar Baba Ilu ya samu sana'a. In zai wuce ƙofar gidanmu sai ya yi kiɗan da baki, in ya zo gurbin ya yi tuntuɓen ƙarya ya dafe bango. Mahauta suka ɗauka. Mutumin da ya shekara hamsin ana cewa hannunsa ba ya kuskure ya zama abin tsokana a bakin kasuwa. Baba ya daina fita majalisa, ya rage cin abinci, kuma wallahi abin ya dame ni. Ran nan ya zo gidana ya tsaya a bakin ƙofata yana kallon sama.

"Ke. Ki rubuta masa ina zuwa. Ba biki zan je ba, gyara zan je. A goge wancan, a sa na daidai."

Na ce, "Baba, wai me ya sa hannun ya goce a ranar?"

Ya ce, "Ina ruwanki?" Ya juya ya tafi.

Tun daga takardar biza muka fara rigima. Wurin sana'a ya ce in rubuta "makaɗi ɗan makaɗi jikan makaɗi". Na ce layin ba zai ɗauka ba. Wurin dalilin tafiya ya ce in rubuta "gyara kuskure". Na ce to, na rubuta "musayar al'adu". Maigidana, da na nemi izininsa, dariya ya yi har da hawaye, ya ce in je, amma in na koyo rawar kada in dawo masa da ita.

Ranar tafiya mahauta suka rako mu filin jirgi da kilishi kwali guda. Baba bai taɓa hawa jirgi ba, amma ba wannan ne ya dame shi ba. Cewa aka yi a sa kalangu cikin kaya, ya ce sai dai shi da kansa a sa shi a cikin kaya, kalangun ya zauna a kujera. Aka bar shi ya shiga da shi. Ma'aikaciyar jirgi ta ce a ɗora a sama, ya rungume abinsa ya ɗaure su tare da bel. Da jirgi ya shiga gajimare ya fara girgiza, sai na ji kiɗa ƙasa-ƙasa a gefena. Baba ne idonsa a rufe, bakinsa yana salati, yatsunsa suna taken 'yan dambe. Wani Alhaji a bayanmu ya leƙo ya ce, "Malam, don Allah ko dai salatin ko dai kiɗan, kana rikita mu."

Muka sauka a wata ƙasar Larabawa don canza jirgi. Can akwai wata hanya da take tafiya da kanta, kai dai ka tsaya ta kai ka. Baba ya ce shi ba ya taka ƙasar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ni ina kai tana tafiya da ni, shi yana gefe yana sassarfa da kalangu a hammata, yana yi mini faɗa wai ina sauri na bar tsoho.

Sai iyakar Ingila. Nan fa aka yi ta. Wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban kwalinmu ya ƙi motsi, kamar shi ya biya sadakinsa. Jami'ar da ke riƙe da shi ta buɗe, ta ga kilishi, ta ce ba a shiga da nama. Ta ɗauke duka. Baba ya bi kwalin da kallo har ya ɓace.

"Tambaye ta, ita za ta ci ko karen?"

Na juya na ce mata da Turanci, "Mahaifina ya ce ya fahimci doka."

Aka zo kan kalangu. Ta tambayi fatar wace dabba ce. Da ma ba ta tambaya ba. Baba ya gyara tsayuwa ya fara: ɗan akuya ne, ja, mai farin goshi, daga Ƙofar Kabuga aka sayo shi, uwarsa ma ya san ta. Ina tsakiyar taƙaita mata wannan tarihin sai wani babban jami'i mai sanƙo da tumbi ya zo ya karɓi takardar gayyatarmu. Yana ganin sunan faifan ya yi ja har kunne. Ya dubi Baba, ya dubi kalangun, ya ce, "Shi ne? Shi ne da kansa?" Wai yana saurayi ya taɓa yar da takalminsa ƙafa ɗaya a gonar wani yana rawar kiɗan nan, ya koma gida da safa. Kafin in ce wani abu, babban mutumin nan da kakinsa ya fara kiɗan da baki, kuma da ya zo gurbin ya yi tuntuɓen daidai, har da ɗaga kafaɗa.

Baba ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Kin ji ko? Har gwamnati ta sani."

A waje muka tarar da Kolin. Ni saurayi nake hasashe, sai ga dattijo mai furfura yana ɗingisa ƙafa. Yana ganin Baba ya fashe da kuka ya rungume shi. Baba ya sandare kamar muciya, yana ce mini ta saman kafaɗar mutumin, "Wa ya mutu?"

A gidansa ya sauke mu. Gidajensu a manne suke da juna, sirara, komai sai an hau bene, ga matakala da ƙyar mutum ɗaya yake wucewa. Babu zaure, babu tsakar gida. Maƙwabcinka yana jin tarinka amma bai san sunanka ba. Washegari Baba ya fita ƙofar gida ya tsaya yana gaida duk mai wucewa, yana tambayar su gajiya da iyali da Hausa. Wata tsohuwa ta tsallaka titi. Wani kuma ya miƙo masa sulalla, Baba ya karɓa ya yi masa kirari, don a wurinsa an yi abin da ya dace.

Matar gidan, Suzan, mutuniyar kirki ce ta gaske. Ta yi bincike kafin mu zo, ta gano Musulmi suna shiga banɗaki da buta, sai ta sayo mana ta ban ruwan fulawa, koriya, ƙatuwa, bakinta ya kai kamu guda. Baba ya ɗaga ta ya juya ya ce, "Allah ya yi mata albarka, amma wannan sai dai mutum biyu."

Abinci kuwa, ku taya ni jaje. Kolin da matarsa ba sa cin nama. Kwata-kwata. Makaɗin mahauta, mutumin da tun yana yaro bai taɓa kwana bai ci tsoka ba, an ƙwace masa kilishi a iyaka an kawo shi gidan ganye. Da safe wake ne mai zaƙi a kan burodi, babu mai babu yaji. Da rana ganye ɗanye, ko ƙuli babu balle a kira shi kwaɗo. Ga kyanwarsu mai sunan mutane tana cin kifi a kwano a gabanmu. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "A gidan nan ita ce maigida." Ni dai yajin da na ɓoye a cikin safa shi ya riƙe mu.

Kalangu ma bai ji daɗin ƙasar ba. Danshi ya sa fatar ta saki, in an buga sai ta yi wani sauti kamar an daki katifa. A gida rana ake sa shi ya sha, to ina ranar? Kwana uku muna nan ba mu ga inuwarmu ba. Suzan ce ta kawo na'urar busar da gashi. Kullum da safe sai ka ga Baba a kan kujera da babbar riga, da hular sanyi a ƙarƙashin hularsa, yana busar da kalangu a hankali kamar mai shirya amarya.

A kwana na uku aka zauna maganar da ta kawo mu. Ni ce tafinta.

Baba ya ce, "Gaya masa ya tona mini asiri a duniya. Gaya masa na ba shi kiɗa cikin mutunci, ya tsince tsakuwar ya zubar da shinkafar. Gaya masa saboda shi Ilu yana yi mini tuntuɓe a ƙofar gida."

Na ce wa Kolin, "Ya ce ya yi mamaki."

Baba ya harare ni. "Ke, na yi magana mai tsawon zani, kin yi ta ɗankwali. Faɗa masa duka."

Na faɗa masa duka, har da Baba Ilu. Kolin ya riƙe kai. Ya ce shi bai taɓa sanin kuskure ba ne. Ya ce wannan gurbin shi ne ran faifan gaba ɗaya, daidai kowa yana iya yi, na'ura ma tana yi ba ta gajiya, amma wannan ɗan tuntuɓen shi ke sa zuciyar mutum ta tsaya sannan ta zabura. Na fassara. Baba ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. A ƙarshe Kolin ya ce to, gobe Baba ya buga na daidai a gaban jama'a, kuma in ya sauko yana nan a kan bakansa, za a cire tsohon daga sabon bugun faifan a sa gyararren. Ya faɗa kamar wanda aka ce ya yanka ɗansa. Baba ya miƙa masa hannu.

Sai Kolin ya ce bari ya nuna mana wani abu. Ya hau sama ya sauko da kaset ɗin asali, wanda ya ɗauka a Kurmi. Baba ya ce ba sai an kunna ba. Kolin ba ya jin Hausa, ni kuma ban fassara ba, don ina son ji.

Kano ta cika ɗakin. Hayaniyar kasuwa, kukan akuya, wani yana cigiyar ɗan dako, ga kalangu yana tafiya a natse yadda Allah ya yi shi, ba da gudun nan na hauka ba. Can sai wata murya ta keto daga nesa. Na san ta. Gwaggo Asabe ce, yayar Baba, Allah ya jiƙanta, macen da ba ta taɓa iya magana a hankali ba.

"Mati! Mati! An sauka lafiya! Mace ce!"

Nan take gula ta goce. Kiɗan ya yi tuntuɓe, ya miƙe, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Ni ce. Ranar aka haife ni. Ku da kuka san al'ada kun san abin da ake so uban ɗan fari ya yi in an kawo masa irin wannan labari a cikin mutane: ya yi kamar bai ji ba, ko ya sulale ya ɓace. Baba ya yi kamar bai ji ba da fuskarsa da bakinsa, amma hannunsa ya ba shi kunya a gaban mahauta. Shi ne abin da ya tsallako teku don ya goge.

Kolin ya tsayar da kaset ɗin ya ce, "Shekara talatin ina son in san me matar nan take cewa."

Na kalli Baba. Ya ƙura wa bango ido yana fifita da hula, a ɗakin da ni hannuna ya ƙandare don sanyi.

Na ce, "Cewa ta yi abinci ya sauka."

Washegari reb. Ni na zaci da tsakar dare za a yi, har na shirya wa'azin da zan yi wa Kolin. Ashe ƙarfe biyu na rana za a fara a tashi ƙarfe takwas, don 'yan rawar duk sun tsufa, suna son su sha magani su kwanta da wuri. Wani ƙaton ɗaki ne kamar na ajiye gyaɗa, an rufe tagogi an yi duhun ƙarya, fitilu masu launi suna yawo, ana busa hayaƙi da gangan ba tare da ana dafa komai ba. A ƙofa aka ba mu abin toshe kunne. Ku ji fa, ka biya ka shiga jin kiɗa, a ba ka abin da zai hana ka ji.

Mutane kuwa sun fi na ɗaurin auren ɗan kasuwa. Kakanni mata da usur a wuya, maza masu sanƙo da farar safar hannu, wani ya ɗaure gwiwa da bandeji, wata ta zo da kujerarta ta naɗewa. Rawar ba ta da tsari ko kaɗan. A wurinmu in ana kiɗa akwai fili, akwai mai shiga, akwai mai liƙi, an san wanda ake yi wa. Su kowa ya fuskanci gaba yana sassara iska da hannu kamar mai korar ƙudan zuma, ba mai kallon wani. Baba ya leƙa ta bayan labule ya ce, "Duk waɗannan aljani ɗaya ne ya kama su, ko kowa da nasa?" Wata mata ta rataya mini wata sanda mai haske a wuya ta ce kayana sun yi kyau, a ina na saya. Muka yi la'asar a ɗakin da ake rataye rigunan sanyi, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin goshinmu.

Ƙarfe biyar Kolin ya hau dandamali ya kashe na'urorinsa, ya yi jawabi yana share hawaye. Aka kira Baba. Ya fito da babbar rigarsa ruwan ƙasa, kalangu a hammata, ni ina tsaye a gefe bayan wata ƙatuwar lasifika. Ihun da aka yi sai da na dafe ƙirji.

Ya fara taken mahauta. Kai, jama'a, ban taɓa jin Baba ya yi kiɗa kamar na ranar ba. Tas, kowane bugu a mazauninsa. Mutane suka gane shi, hannuwa suka tashi sama, usur ya ɗauka, kowa ya ɗage ƙafa yana jiran gurbin. Gurbin ya zo, Baba ya wuce shi sumul.

Kun san yadda mutum yake yi in ya zaci akwai sauran matakala ɗaya ashe babu? Haka ɗakin nan gaba ɗaya ya yi. Suka yi tangal-tangal suka tsaya. Ya zagayo, suka sake ɗaga hannu, ya sake wucewa sumul. A na uku hannuwan suka fara sauka. Usur ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi masa ihu ba, mutane ne masu ladabi, tsayawa kawai suka yi suna murmushi suna gyaɗa kai kamar ana yi musu lacca. Matar nan ta buɗe kujerarta ta zauna.

Duk wanda ya tashi a gidan makaɗa ya san babu abin kunya kamar ka yi kiɗa fili ya tsaya cik. Gocewar hannu wasa ce a kan wannan. Na ga gumi yana bin wuyan Baba. Ya matso gefena bai daina bugawa ba.

"Ke, me suke jira?"

"Kuskuren, Baba."

Ya ƙara zagaye guda. Sannan na ga ya cije leɓe, ya sassauta gula, zai yi da gangan. Bai iya ba! Wallahi bai iya ba. Hannun da ya shekara hamsin yana bin hanya ɗaya ya ƙi sauka daga kanta. Ya gwada sau uku, kowanne ya fi na baya tsabta. A na huɗu ya yi wani abu, amma tuntuɓen ƙarya ne irin na Baba Ilu, ba wanda ya motsa. Ya dube ni. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a idon mahaifina ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni.

Ban san lokacin da na fito daga bayan lasifikar ba, da hijabina da sandata mai haske. Na tsaya dab da kafaɗarsa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba tun ina goye. Na jira kiɗan ya kusa gurbin. Na manta shaf akwai makirufo a gabansa, don haka abin da na yi niyyar raɗa masa sai ya karaɗe ɗakin kamar sanarwar tasha.

"Baba, an sauka lafiya. Mace ce."

Gula ta goce.

Ɗakin ya tsage. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Kolin ya danna na'urarsa, tsohon kiɗan ya shigo da gudunsa ya haɗu da na Baba, mai bandeji ya yi tsalle, mai kujera ta yi jifa da ita, kakanni suna busa usur suna kuka. Baba bai kalle ni ba. Ya dai ci gaba da bugawa, kuma duk zagayen da ya yi hannun sai ya goce a wurin da kansa, ba sai na sake cewa komai ba.

Da aka tashi muka koma ɗakin rigunan sanyi. Baba ya zauna a kan benci yana goge kalangu da gefen riga, ni ina tsaye ina neman inda zan sa idona. Kolin ya shigo jiƙe sharkaf. Ya ce alkawari alkawari ne, ya ɗauki na daidai ɗin da Baba ya buga da farko, in har yanzu yana so a goge tsohon, gobe za a goge. Na fassara kalma da kalma, ban rage ko ɗaya ba.

Baba ya daɗe yana jan igiyoyin kalangu ɗaya bayan ɗaya.

"Gaya masa ba ni da ikon gogewa," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ba nawa ba ne. Ga mai shi nan a tsaye, ya tambaye ta."

Kolin ya juyo yana jiran fassara. Na buɗe baki, ni da nake koyar da Turanci shekara goma sha biyu, na nemi kalma ɗaya na rasa. Hawaye kawai nake, sandar nan tana ta haske a wuyana.

Baba ya ce, "Ke, mutum yana jira."

Na share fuska da hijabi na ce wa Kolin a bar shi yadda yake.